RA'AYINMU: A ƙirga kafin a ɗinke: Darasin almakashin Kano ga asibitocin Agege

A watan Janairun 2026 Hukumar Kula da Asibitoci ta Jihar Kano ta amsa abin da hukumomi a ƙasar nan ba kasafai suke amsawa ba. Ta tabbatar da cewa an bar almakashi a cikin wata mata da aka yi wa tiyata a Asibitin Mafitsara na Abubakar Imam da ke birnin Kano, ta kuma sanar da dakatar da ma'aikata uku da ke da hannu a aikin. Kamar yadda danginta suka bayyana, baiwar Allahn ta shafe kusan wata huɗu tana fama da ciwon ciki, tana komawa asibiti ana ba ta maganin rage raɗaɗi, kafin hoto ya nuna abin da ke cikinta. Wannan ciwo shi ya zama ajalinta. Allah Ya jiƙanta, Ya ba iyalinta haƙurin rashi.

An yi ce-ce-ku-ce na 'yan kwanaki, an yi tir da sakaci, an nemi a hukunta masu laifi, daga nan wani labarin ya zo ya danne wannan. Mu a wannan jarida muna ganin bai kamata zancen ya ƙare a kan mutum uku da asibiti ɗaya ba. Kowane ɗakin tiyata a ƙasar nan, daga Sakkwato har Ikko, yana iya tafka irin wannan kuskure gobe da safe, alhali akwai hanyoyin hana shi da aka gwada aka ga amfaninsu. Wasu daga cikin hanyoyin ba su buƙatar komai sai farin allo da mutum biyu masu ƙirga. Wasu kuma na buƙatar na'ura, musamman 'yar ƙaramar alamar nan mai amsa kiran rediyo da ake ɗinkawa a jikin ƙyallen tsane jini ko a liƙa wa kayan fiɗa, domin a san inda kowane ɗaya yake kafin a rufe cikin majinyaci.

Da gangan muka zaɓi mu dubi batun daga Agege. Tun lokacin da jirgin ƙasa ya haɗa Legas da Kano a farkon ƙarnin da ya shuɗe, fataucin goro da na shanu ya zaunar da Hausawa a can, har suka yi zangonsu da masallatansu da sarautarsu. Yau akwai jikoki da tattaɓa-kunne da ba su san wani gida ba sai Agege, ga kuma baƙi da ke sauka kullum: mahautan mayankar Oko-Oba, 'yan gwari, 'yan dako, masu tura baro, da iyalansu. Haka abin yake a Idi-Araba da Mile 12 da Alaba Rago. Idan naƙuda ta gagara ko ciki ya murɗa da tsakar dare, sai a nufi Babban Asibitin Orile Agege, ko na Ifako-Ijaiye, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jihar Legas da ke Ikeja, ko kuwa ɗaya daga cikin ƙananan asibitocin kuɗi da suka cika lungunan unguwa. Ba mu zargin ko ɗaya daga cikinsu da wani laifi. Hujjarmu ita ce Jihar Legas tana da kuɗi da doka da hukumar sa ido da za ta iya zama jagora a wannan gyara, kuma Bahaushiyar Agege na cikin waɗanda suka fi kowa buƙatarsa.

Bari mu fara da abin da bincike ya tabbatar. A shekarar 2003 Dakta Atul Gawande da abokan aikinsa suka wallafa sakamakon nazarin da suka yi a Jihar Massachusetts ta Amurka a kan majinyata 54 da aka bar wa abubuwa 61 a jiki. Kashi 69 cikin ɗari na abubuwan ƙyallen tsane jini ne, sauran kashi 31 kuma kayan ƙarfe. Majinyata 37 sai da aka sake buɗe su, ɗaya ya rasu. Binciken ya gano cewa tiyatar gaggawa na ninka haɗarin kusan sau tara, sauya tsarin aiki ana tsakiyar fiɗa na ninka shi kusan sau huɗu, kuma haɗarin na ƙaruwa da ƙibar majinyaci. Abin da ya fi tayar da hankali a cikin sakamakon shi ne, inda aka yi ƙirga, a kashi 88 cikin ɗari an rubuta cewa kaya sun cika, alhali ɗaya na cikin mutum.

Asibitin Mayo, wanda yake cikin mafiya shahara a duniya, ya duba tiyata sama da 190,000 da ya yi tsakanin 2003 da 2006, ya tarar an bar wani abu a jikin majinyaci a kusan aiki ɗaya cikin kowane 5,500. Hukumar da ke tantance asibitocin Amurka kuma ta bayyana a 2013 cewa an kai mata rahoton irin wannan kuskure sau 772 tsakanin 2005 da 2012, kuma mutum 16 sun mutu a sanadinsa. Wannan fa a ƙasar da wuta ba ta ɗaukewa ana tsakar aiki ke nan, inda ma'aikatan jinya suka wadata, kuma na'urar ɗaukar hoto na nan a gefen gado.

Wanda bai taɓa leƙa ɗakin tiyata ba zai yi mamakin yadda likita mai ido biyu zai manta da ƙyalle ko almakashi a cikin mutum. Ƙyallen da ya sha jini yakan dunƙule ya yi kama da tsoka, ya shige bayan hanji ko ƙasan hanta inda ido ba ya kaiwa. A babban aiki ana iya amfani da ƙyallaye da allurai da kayan ƙarfe fiye da ɗari. Idan jini ya ɓalle, hankalin kowa na komawa ga ceton rai, ana cusa ƙyalle bisa ƙyalle, ana ƙaro wasu da sauri. Aiki ya yi tsawo, wata nas ta tashi wata ta karɓa, lissafi ya sauya hannu. Wani bincike da aka yi a birnin Boston ya nuna cewa ana samun saɓanin ƙirga a kusan tiyata ɗaya cikin takwas. Yawancinsu ana warware su nan take, amma wanda ya kuɓuce shi ke zama masifa. Ƙyallen da aka bari ko dai ya jawo ruɓa da zazzaɓi cikin kwanaki, ko jiki ya lulluɓe shi ya zama ƙullutu da ake ɗauka ciwon daji ne bayan shekaru, ko ya huda hanji ya toshe shi. Ƙarfe kuwa yana iya tsinka duk abin da ya jingina da shi.

Idan aka ɗora waɗannan dalilai a kan halin da muke ciki, za a ga girman abin tsoron. Binciken sakamakon tiyata a Afirka da aka wallafa a mujallar Lancet a 2018 ya bi majinyata 11,422 a asibitoci 247 na ƙasashe 25, har da Nijeriya. Ya gano cewa majinyacin Afirka ya ninka matsakaicin na duniya sau biyu wajen haɗarin mutuwa bayan tiyata, duk da cewa ya fi ƙuruciya kuma cututtukan da ke tare da shi ba su kai nasu ba. Kusan kashi ɗaya bisa uku na ayyukan duk fiɗar haihuwa ce. Wani sashe na binciken da ya fito a 2019 ya nuna cewa kimanin kashi uku bisa huɗu na fiɗar haihuwar an yi su ne da gaggawa, kuma mutuwar uwa bayan aikin ta ninka ta ƙasashe masu arziki kusan sau 50. Ma'ana, irin tiyatar da binciken Amurka ya ce ta fi haɗarin barin kaya a ciki, ita ce abincin yau da kullum a asibitocinmu.

A Agege da makamantanta akwai ƙarin nauyi. Sau da yawa mace ba ta isa asibiti sai naƙuda ta yi kwana, bayan an gwada gida an gwada ungozoma, an jira mai gida ya dawo daga kasuwa, an kuma haɗa kuɗi. Tana isa a galabaice, aiki ya zama na gaggawa. Bayan an sallame ta, idan ciwo ya ƙi tafiya, dole ta yi bayani da Yarbanci ko Turanci ko buroka ga likitan da layi ya yi masa yawa, kuma kunya ta hana ta faɗin rabin abin da take ji. A gida kowa na ce mata ta yi haƙuri, ai haka aiki yake. In abin ya tsananta, sai a yanke shawarar a kai ta gida Arewa, a sa ta a mota ta yi tafiyar yini da kwana, ba tare da takardar da ke nuna abin da aka yi mata ba. Idan ta cika, a yi mata sutura a ranar kamar yadda addini ya koyar, babu binciken gawa. Ta haka kuskuren da aka yi a Legas zai iya shiga kabari a Katsina ko Maraɗi, wanda ya yi shi bai sani ba balle ya gyara, hukuma kuma ba ta da labari.

To, mene ne wannan fasaha ta rediyo, kuma me za ta iya? Mutumin Agege ya riga ya san ta ko da bai san sunanta ba. Katin Cowry da yake karawa a ƙofar motar BRT, ko a tashar jirgin ƙasa na Jan Layi da ya fara ɗaukar fasinja a watan Oktoban 2024, da ita yake aiki. Haka ma fasfon tafiya ƙasashen waje. A cikin katin akwai ɗan guntun lantarki da siririyar waya a naɗe, babu batir. Na'urar karantawa ce ke aiko da igiyar rediyo, katin ya samu ƙarfi daga gare ta, ya mayar da amsa da lambarsa. Wannan shi ne abin da masana ke kira RFID. Tunda igiyar rediyo na ratsa tsoka da jini, za a iya jin amsar alamar ko da tana cikin cikin mutum.

A ɗakin tiyata fasahar ta kasu uku, kuma ya kamata masu sayo wa gwamnati kaya su san bambancinsu. Ta farko ita ce lambar zane irin ta jikin kayan kanti: ana haska kowane ƙyalle da na'ura lokacin shigarsa da lokacin fitarsa, kwamfuta ta riƙe lissafi. Tana gyara ƙirga, amma ba ta iya nuna inda ɓataccen ƙyalle yake. Ta biyu ita ce alamar rediyo marar suna, wadda girmanta bai wuce maɓallin riga ba, ana ɗinka ta a jikin ƙyallen. Kafin a rufe ciki sai a bi jikin majinyaci da wata sanda, ko a kunna shimfiɗar da ke ƙarƙashinsa, in akwai saura na'ura ta yi ƙara. Wannan tana nemowa, amma ba ta ƙirgawa. Ta uku ita ce cikakkiyar RFID, inda kowane ƙyalle da kowane ƙarfe ke da lambarsa, don haka tana ƙirgawa tana kuma nemowa, ta bar rubutaccen tarihi na abin da ya shiga da abin da ya fita.

An gwada su, kuma sakamakon na da ƙarfafa gwiwa. A 2006 likitocin Jami'ar Stanford suka jarraba sandar rediyo a kan majinyata takwas, inda wani likita ke ɓoye ƙyalle a ciki wani ya nema. Sandar ta gano kowane ɗaya cikin daƙiƙoƙi kaɗan, ba ta yi kuskure ba. Asibitin Mayo da ya koma amfani da ƙyalle mai lambar zane a 2009 ya yi tiyata fiye da 87,000 cikin wata 18 ba tare da an bar ƙyalle ko ɗaya ba. Manyan kamfanoni ma sun ga inda kasuwa ta dosa: Stryker ya sayi kamfanin da ke yin ƙyalle mai lamba a 2014, Medtronic kuma ya sayi kamfanin RF Surgical a 2015 a kan Dalar Amurka miliyan 235.

Kayan ƙarfe, irin almakashin da ya yi ajali a Kano, sun fi wuyar sha'ani. Ƙarfe na rikita igiyar rediyo, kuma dole alamar ta jure wanki da sinadari da turarawa a zafin da ya kai digiri 134 sau ɗaruruwa ba ta ɓamɓare ba. An samu ci gaba a wannan fanni, har akwai asibitocin da ke bin sawun kowane almakashi da hantsaki daga ɗakin wanki zuwa teburin fiɗa da dawowa. Amfanin hakan ya wuce hana mantuwa. Ana sanin ko tire ya cika kafin a fara aiki, ana sanin ko an turara shi da gaske, ana sanin ƙarfen da ya tsufa, ana kuma toshe ƙofar kayan gwamnati da ke yin ƙafa su koma asibitocin kuɗi.

Duk da haka, muna gargaɗin kada a ɗauki na'urar a matsayin maganin kowace cuta. Ba a iya liƙa wa allurar ɗinki alama, haka ma guntun ƙarfen da ya karye. Wani bincike da aka yi a Amsterdam aka wallafa a 2008 ya gwada na'urorin RFID kusa da kayan ɗakin kula da masu jinya mai tsanani, ya samu tangarɗa sau 34 cikin gwaji 123, kuma 22 daga ciki masu haɗari ne. Dole ke nan a gwada kowace na'ura a wurin da za ta yi aiki. Ƙyallen mai alama sau ɗaya ake amfani da shi, daga waje ake shigo da shi, da dala ake biya, kuma kowane kamfani na'urarsa nasa ƙyallen kawai take ji. Ranar da kaya suka ƙare ko kwangila ta tsaya, na'urar ta zama kwalliya. Mun sha ganin injinan miliyoyin naira a asibitocin gwamnati sun yi ƙura saboda babu kayan gyara ko babu wanda aka koya wa sarrafa su. Akwai kuma haɗarin da ya fi waɗannan ɓoyuwa, wato ma'aikaci ya saki jiki ya daina ƙirga da gaske don yana ganin na'ura na nan.

Saboda haka matsayinmu shi ne a bi abin daki-daki. Tushen gini shi ne jerin tambayoyin kariya na Hukumar Lafiya ta Duniya da aka ƙaddamar a 2008, mai ɗauke da abubuwa 19 da ake tabbatarwa da baki kafin a sa majinyaci barci, kafin a tsaga fata, da kuma kafin a fitar da shi daga ɗaki. Cikin tambayoyin ƙarshe akwai tabbatar da cewa ƙirgar ƙyalle da allura da kayan ƙarfe ta cika. An gwada jerin a asibitoci takwas na ƙasashe takwas, har da wani asibitin karkara a Ifakara ta Tanzaniya, mace-mace suka ragu daga kashi 1.5 zuwa kashi 0.8 cikin ɗari, matsalolin bayan aiki kuma daga kashi 11 zuwa kashi 7. Takarda ɗaya ce, ba ta cin wuta ba ta cin dala. Amma binciken Afirka da muka ambata ya tarar an yi amfani da ita ne a kashi 57 cikin ɗari kawai na ayyukan da aka duba. Asibitin da ya kasa cike takardar kyauta, ba sandar rediyo ce za ta shiryar da shi ba.

Ƙirga kuwa mutane ke yin ta. Ƙa'ida ita ce ma'aikata biyu su ƙirga tare da murya, kafin a fara, da lokacin da za a rufe ciki, da lokacin ɗinke fata, da duk sanda wani ya karɓi wani, ana rubutawa a allon da kowa ke gani. Wannan na buƙatar isassun ma'aikatan jinya da suka ƙware a aikin tiyata, a daidai lokacin da suke tururuwar ficewa daga ƙasar. Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya faɗa a 2024 cewa likitoci kusan 16,000 sun bar Nijeriya cikin 'yan shekarun nan, waɗanda ke da lasisi a gida kuma ba su wuce 55,000 ba. Ana kuma buƙatar sauyin ɗabi'a. Matuƙar ƙaramar nas na tsoron ce wa babban likita ya dakata saboda ƙyalle ɗaya bai fito ba, ƙirgar ta zama al'ada kawai. Dole a rubuta a doka cewa tana da wannan iko, a kuma kare ta idan ta yi amfani da shi.

Akwai matakin tsakiya mai rahusa da bai kamata a tsallake ba. Ƙyallen tiyata na gaskiya yana zuwa da wani zare da ke bayyana a hoton eksire, don in ƙirga ta saɓa a ɗauki hoto a gani. Ƙyallen da aka yanko daga naɗin bandeji na gama-gari ba shi da wannan zare, hoto ba ya nuna shi, kuma ba shi da adadi tsayayye da za a ƙirga. A ƙasar da fiye da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin jinya daga aljihun majinyaci yake fita, inda ake miƙa wa dangi jerin kayan da za su sayo kafin a taɓa ɗan'uwansu, mai rahusa ake nema. Hana amfani da ƙyalle marar zare a cikin cikin mutum abu ne da hukuma za ta iya yi da takarda ɗaya.

Ta fuskar shari'a ma rubutaccen lissafi na da muhimmanci. A 2006 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a wata ƙara da ta taso daga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin, inda guntun allura ya karye ya zauna a cikin wata mata. Kotun, ta bakin Mai Shari'a Niki Tobi, ta kori ƙarar, saboda likitocin sun bayar da bayanin yadda abin ya faru, ita kuwa mai ƙara ba ta kawo ƙwararren da zai rushe bayanin ba. Idan mai halin kai ƙara har Kotun Ƙoli ta fita hannu rabbana, ina ga matar ɗan dako a Agege? Wasu ƙasashe sun bi ta wata hanya. Tun daga Oktoban 2008 shirin Medicare na gwamnatin Amurka ya daina biyan asibiti ƙarin kuɗin jinyar da barin kaya a jiki ya jawo. Ingila kuma ta sa shi cikin kurakuran da bai kamata su taɓa faruwa ba, tana wallafa adadinsu a bainar jama'a. Rikodin ƙirga mai ɗauke da lokaci da sunan mai ƙirga yana kare majinyaci, yana kuma wanke likitan da ya yi aikinsa daidai.

Ga al'ummarmu akwai magana ta musamman. Imani da ƙaddara ginshiƙi ne na addini, kuma babu mai ja da cewa rai ba ya wuce wa'adinsa. Amma malaman fiƙihu tun da daɗewa sun bambanta likitan da ya bi ƙa'ida aka samu akasi da wanda ya yi kuskure ko sakaci. Ibn Rushd, malamin Malikiyya na Andalus, ya kawo a littafinsa Bidayatul Mujtahid cewa kuskuren likita na wajabta diyya. Yin shiru a kan sakaci da sunan haƙuri na barin ramin a buɗe ga wanda zai biyo baya. Ɗan kasuwar goro a Agege ba ya karɓar ƙwarya sai ya tabbatar ɗari ta cika, kuma babu mai ce masa ya rasa tawakkali. Ran ɗan Adam ya fi goro cancantar a ƙirga dominsa.

Don haka muna kira ga Hukumar Sa Ido da Tantance Cibiyoyin Lafiya ta Jihar Legas, wato HEFAMAA, wadda dokar 2006 ta ba ikon yi wa asibitocin gwamnati da na kuɗi rajista da rufe masu saɓa ƙa'ida, da ta mayar da abubuwa uku sharaɗin sabunta lasisin duk wurin da ake tiyata: jerin tambayoyin Hukumar Lafiya ta Duniya, takardar ƙirga mai sa hannun mutum biyu a fayil ɗin kowane majinyaci, da ƙyalle mai bayyana a hoto. Ta kuma wajabta kai rahoton duk abin da aka bari a jiki ko aka kusa bari, ta riƙa wallafa jimillar a kowace shekara. Manufar rahoton ita ce gyara, domin in aka mayar da shi tarkon kama ma'aikata, kowa zai ɓoye nasa.

Bayan haka sai gwamnatin jihar ta gwada fasahar rediyo a inda haɗari ya fi yawa, wato ɗakunan fiɗar haihuwa da na gaggawa. Orile Agege da Ifako-Ijaiye da sashen haihuwa na Ayinke House a Ikeja sun dace da wannan gwaji. A yi shi na wa'adin da aka ƙayyade, a auna saɓanin ƙirga da lokacin da ake ɓatawa da kuɗin da kowane aiki ya ci, kafin gwajin da bayansa, a fito da sakamakon kowa ya gani. A sa horar da ma'aikata da gyaran na'ura da samar da ƙyalle na shekaru a cikin kwangilar. Kuɗin kuma ya fito daga kasafin asibiti da inshorar Ilera Eko. Idan aka ɗora shi a kan jerin kayan da dangi ke saya, kariyar za ta zama ta masu hali kaɗai, talaka kuma ya ƙara gudun asibiti.

Gwamnatin Tarayya na da nata kason. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta tanadi takardar shaidar cika ƙa'ida ga kowace cibiyar lafiya, ya kamata ƙirgar kayan tiyata ta shiga cikin ma'aunin. Hukumar NAFDAC ta tantance ƙyalle da na'urorin da za a shigo da su, don kada kasuwa ta cika da jabu. Majalisar Likitoci da ta Ma'aikatan Jinya su gaggauta sauraron ƙorafi, su riƙa sanar da hukuncinsu. Jihohin Arewa kuma, Kano a kan gaba, kada su jira Legas. Allo da takarda da ƙyalle mai zare ba su fi ƙarfin kowace jiha ba.

Sarakunan Hausawa da limamai da ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na mata a Agege su ma akwai abin da za su iya yi tun daga wannan mako. Kundin Haƙƙoƙin Majinyaci da aka ƙaddamar a 2018 ya ba kowa damar a yi masa bayani da harshen da yake ji, ya kuma samu bayanan jinyarsa. A samar da matasa, maza da mata, da za su riƙa raka marasa lafiya suna yin tafinta. A sanar da jama'a a masallatai da makarantun Islamiyya cewa ciwon da ya ƙi sauƙi bayan tiyata, ko zazzaɓi, ko amai, ko kumburin ciki, ko ruwa mai wari daga wurin ɗinki, dalili ne na komawa asibiti a nemi hoto, in an ƙi a je wani wurin. Duk wanda za a kai gida Arewa bayan aiki, a karɓo masa takardar bayanin abin da aka yi masa. Kuma babu rashin kunya ga miji ko uwa su tambayi likita cikin ladabi ko an ƙirga kaya sun cika.

Likitocinmu da ma'aikatan jinyarmu na aiki cikin ƙunci, da yawansu na ceton rayuka da hasken tocila da albashin da bai taka kara ya karya ba. Mun san haka, kuma don haka ne muke neman a ba su tsarin da zai tare kuskure kafin ya kai ga majinyaci, domin gajiya da mantuwa halin ɗan Adam ne. Matar Kano ta riga ta tafi. Abin da ya rage a hannun hukumomi shi ne ta gaba da za a kwantar a kan tebur a daren yau, a Agege ko a wani wuri, ta tashi ba tare da an bar mata komai a ciki ba.